Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ya ku 'yan'uwa talakawan Kanya Babba da Babura, da na Kazaure da Roni da Gwiwa, da ku 'yan kasuwa masu bin kasuwannin ƙasashen nan mako-mako, ina so mu yi shawara a kan ƙaramin asibitin nan na mazaɓa wanda muke kira sha-ka-tafi. Maganata ɗaya ce, zan kuwa faɗe ta tun da fari domin kowa ya san inda na dosa. Masifun da ke cin rayukanmu a wannan yanki suna da lokacinsu, an san watan da kowace takan zo. Saboda haka wajibi ne a tanadi magani da kayan aiki da ma'aikata da mota a asibitin mazaɓa tun lokacin bai zo ba, kuma mu talakawa ne ya kamata mu je mu ƙirga da idonmu mu tabbata an tanada. In muka zauna muka bar wa manya, to, abin da za mu samu shi ne ta'aziyya da buhun shinkafa bayan an rufe gawa.

Kowace masifa da watanta

Ku duba yadda shekara take juyawa a ƙasarmu. Da hunturu ya shigo, iska ta bushe, ƙura ta tashi, sai gobara ta fara cin shinge da rumbu da runfunan kasuwa, gama kowa yana jin wuta. Daga nan zuwa tsakiyar bazara lokacin sanƙarau ne, ya fi tsanani a watan Maris da Afrilu, ba ya kuwa lafawa sai ruwan sama ya sauka. Ƙyanda ita ma a ranin nan take bin yara gida-gida. Da damina ta kankama sai ruwa ya cinye hanya, gidajen ƙasa su jiƙa su zube a kan masu barci, kashin da aka yi a fili ya gangara rijiya da kududdufi, amai da gudawa ya ɓarke. Zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya har cikin kaka, daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare, na bana bai shigo ba, yara sun rame. Manomi kuma a gona yana karo da maciji.

Wane ne a cikinmu bai san wannan lissafi ba? Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta karanto maka shi daga farko har ƙarshe. Gwamnati ma ta san shi fiye da mu, domin tana da hukumar duba yanayi wadda takan faɗi yadda damina za ta kasance tun farkon shekara, tana da wata kuma mai lura da koguna wadda takan fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ake tsoron ambaliya a cikinsu. To, in an san baƙo yana tafe, an san ranar da zai sauka, ina dalilin da za a ce ya zo ba sallama?

Abin da ya riga ya faru

Kada wani ya ce tsoratarwa nake yi, bari mu bi shekaru. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, akasarinsu a nan Arewa. A cikin wannan ruɗani ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan da yara 200, wajen rabinsu aka ba shi, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, abin da ya jawo shari'a ta shekaru, ya kuma sa iyaye da yawa suka riƙa gudun allurar rigakafi. Wannan shi ne ladan rashin shiri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ƙarshen 2011 aka kawo wata sabuwar allura, Jigawa tana cikin jihohin da aka fara yi wa, ta kuwa karya irin sanƙarau ɗin da ya saba yi mana ɓarna. Amma ciwon nan iri-iri ne. A 2017 wani irin ya tashi a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya kama fiye da mutum 14,000, ya kashe fiye da 1,100. Sa'an nan ya matso ƙofarmu. Daga Oktoban 2022 ya ɓarke a jihar Damagaram ta ƙasar Nijar, ya tsallako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga cewa daga farkon Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023 mutum 1,686 ake zaton sun kamu a Nijeriya duka, 124 sun mutu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu 'yan Jigawa ne. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara yin allurar da ke tare iri biyar na ciwon gaba ɗaya, Jigawa kuma tana cikin inda aka yi, domin ciwon ya sake dawowa.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin dalili. Ƙasar Babura tana kan iyaka. Hanyar da ta ratsa Kanya Babba ta nufi Babura da Babban Mutum, ba dare ba rana mutanenmu da na Magarya da Damagaram suna kai da komo a kanta. Ran Alhamis kuma duniya takan taru a Maigatari. Dangi ɗaya ne, aure ɗaya, ciniki ɗaya, ba mai son a raba. Amma motar da ta ɗauko shanu da wake da kanwa ita ce takan ɗauko ciwo, ciwo kuwa ba ya tsayawa a shingen kwastan ya nuna takarda.

Amai da gudawa fa? A 2021 ya kama mutum fiye da 111,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,600, kuma Jigawa da Kano da Bauci da Zamfara su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a ƙasa baki ɗaya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa tana cikin jihohin da ta fara ci. Daga ƙarshen 2022 maƙarau, watau mashaƙo, ya tashi a Kano yana shaƙe yara, a 2023 ya shigo Jigawa. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri har cikin manyan asibitocinta, ya zamana wurin da ake gudu a nemi ceto shi kansa yana neman ceto.

Sai kuma wadda har yanzu ba mu daina jin zafinta ba. A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a garin Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, masarautar Ringim, watau masarautar da Babura take ciki. Mutane suka taru ɗiban mai, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka halaka a kwanakin farko, adadin kuma ya yi ta ƙaruwa a gadajen asibiti. Aka yi ta jigilar waɗanda suka ƙone zuwa Ringim da Haɗeja da sauran manyan asibitoci. Tankokin nan kullum suna bin hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Me ya sa sai ƙaramin asibiti?

Wani zai ce ai akwai babban asibiti a Babura, akwai a Kazaure, akwai manyan Kano. Gaskiya ne, kuma ba mu raina su ba. Amma ciwon gaggawa ba ya jiran tafiya. Amai da gudawa mai tsanani yana iya tsotse ruwan jikin ƙato ya kashe shi cikin 'yan sa'o'i, alhali kuwa in an tare shi da wuri ba a rasa ko mutum ɗaya cikin ɗari. Sanƙarau yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ya tsira a makare kuma sau da yawa yakan tashi da kurumta ko taɓin ƙwaƙwalwa. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, sa'a biyu ta isa ta tafi. A irin wannan hali wanda ke kusa shi ne likita, na kusa da mu kuwa shi ne malamin asibitin mazaɓa da ungozomarsa.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Tun 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma Ata suka amince cewa lafiyar jama'a daga ƙaramin asibiti take farawa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, a kan haka ya gina aikinsa. Jigawa ma a 2007 ta kafa tsarin Gunduma, ta kasa asibitocin jiha gida tara domin a haɗa ƙanana da manya a hannu ɗaya. Tsari dai an yi shi a takarda ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tambayarmu ita ce, ran da aka kawo mutum biyar a kan amalanke da tsakar dare, me ke cikin kabad?

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Babban mutum mai nauyin kilo 60 wanda amai da gudawa ya kayar, ƙa'idar likitoci ita ce a ɗura masa ruwa wajen lita 6 ta jijiya cikin sa'o'in farko. Ledar ƙarin ruwa rabin lita ce, watau leda 12 ke nan ga mutum ɗaya. Mutum biyar leda 60. Asibitin da ke da leda goma a ajiye bai gama da mutum na farko ba ke nan. Sauran huɗun fa? Sai a rubuta wa dangi takarda su tafi kemis, mai kemis ya rufe, ko ya buɗe ya ninka kuɗi, talaka ya fita neman wanda zai sayi akuyarsa da daddare. Kafin a dawo mai ciwo ya cika. Gobe a ce kwana ne ya ƙare.

Abin da ake kira shiri

Shiri ba taron bita ba ne a otal a Dutse, a ci a sha a raba kuɗin zama. Abubuwa biyar ne, kowa kuma yana iya ganinsu da idonsa.

Na fari, rumbu. Kafin damina a ajiye ƙarin ruwa da allurar ɗura shi, da ƙullin gishiri da sukari, da ƙwayar zinki ta yara masu gudawa, da sinadarin kulorin na tsarkake rijiya da wanke ɗaki, da sabulu, da maganin zazzaɓi da abin gwada shi. Kafin bazara a ajiye allurar sanƙarau da ake kira seftiriyazon, gama da ita ake fara tare ciwon kafin a miƙa mai shi gaba. Kullum kuma a samu auduga da bandeji da maganin tsayar da jinin haihuwa. Wannan kaya a ware shi dabam, a rubuta shi a littafi, wanda ya kusa lalacewa a yi aiki da shi a mayar da sabo, kamar yadda mai awo yake juya hatsinsa kada gunda ta ci.

Na biyu, mutane. Gini ba ya yi wa kowa allura. Asibitin da ke da ma'aikaci ɗaya, in ya tafi karɓar albashi ko ya kwanta ciwo, ya zama kango. A samu wanda zai kwana, a ba shi ɗaki kusa, a biya shi a kan kari. A koya masa yadda ake tantance marasa lafiya in sun zo da yawa, wanda numfashinsa ke sarƙewa a fara da shi, wanda ke iya tafiya da ƙafarsa ya jira, ko da ɗan wane ne. A riƙa gwada wannan aiki sau ɗaya ko biyu a shekara tare da samarin gari, domin hannu ya saba. Sa'an nan a kare shi kansa ma'aikacin da safar hannu da takunkumi da ruwan wanke hannu. A Janairun 2020 zazzaɓin Lasa ya kashe likitoci biyu a Kano. In na babban birni sun kamu, ina ga na ƙauye? Ran da malamin asibiti ya faɗi, gari duka ya faɗi.

Na uku, ruwa da wuta. Ba a jinyar amai da gudawa a wurin da ba rijiya ba masai. Ba a karɓar haihuwa da fitilar waya. Allurar rigakafi kuwa sai an ajiye ta cikin sanyi tsakanin awo 2 zuwa 8, in ta sha zafin bazara ta zama ruwa kawai, a yi wa yaro a ce an yi, ciwo ya zo ya ɗauke shi. Allah ya hore mana rana fiye da yadda muke bukata, firji mai aiki da hasken rana kuma ba baƙon abu ba ne yanzu. Abin dubawa shi ne yana aiki ko ya mutu an mai da shi wurin ajiye takardu. Haka kuma kafin ruwa ya sauka a duba rufi, a yashe magudana, a ɗaga magani daga ƙasa, a kuma san makaranta ko zauren da za a koma in ruwa ya shigo.

Na huɗu, labari. Annoba kamar wutar kara take, da guga ɗaya ake kashe ta in an gan ta da wuri. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, a wurin da mutanensa ba su kai 30,000 ba, in an ga mutum biyu da alamun sanƙarau cikin mako ɗaya, a yi shelar faɗakarwa, in sun kai biyar to annoba ce. Ku lura da kyau, biyu aka ce, ba ashirin ba. Dole malamin asibiti ya san jami'in da zai kira a ƙaramar hukuma a ranar, ya zamana yana da kuɗin waya, kuma kada wani babba ya tsawata masa wai yana ɓata sunan gwamnati. Ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. A 2014 da Ebola ta shigo Ikko, Dakta Stella Adadevoh ta gane ta, ta hana mai ciwon fita, ta kai labari. Ita ta rasa ranta, amma mutum 20 kaɗai suka kamu a ƙasa mai miliyoyi, 8 suka mutu, ran 20 ga Oktoba aka ce Nijeriya ta fita.

Na biyar, mota. Motar asibiti da ba mai a cikinta, ko wadda aka ɗora a kan duwatsu, ba mota ba ce. A san tun yau wace mota za ta ɗauki mai ciwo, wane direba, ina kuɗin mai, wace hanya za a bi in ruwa ya cinye ta kullum, wane asibiti za a dosa, wa za a kira can ya shirya gado. An riga an gwada wannan a Jigawa da shirin Haihuwa Lafiya, da kuma yarjejeniyar da aka yi da direbobin tasha domin kai mata masu naƙuda asibiti. Abin da ya yi wa mai naƙuda amfani zai yi wa wanda ya ƙone da wanda maciji ya sara.

Ina kuɗin?

Na san amsar da za a ba mu, ita ce ba kuɗi. To, bari mu buɗe doka. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. A 2014 aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Dokar nan ta kafa asusu na musamman, ta ce gwamnatin tarayya ta riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigarta ba. Ta kuma raba shi dalla-dalla: kashi 50 domin biya wa talaka jinyar yau da kullum, kashi 20 domin magani da allurar rigakafi da kayan aiki, kashi 15 domin gyaran gini da na'urori da sufuri, kashi 10 domin ma'aikata, kashi 5 domin jinyar gaggawa. Dokar ta kuma haramta wa kowane asibiti ya kori wanda aka kawo cikin halin gaggawa bisa ga kowane dalili.

Shekara huɗu dokar nan ta yi tana barci, sai a kasafin 2018 aka fara sa wa asusun kuɗi. Tsarin kuwa shi ne a zaɓi asibiti aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa, Jigawa tana da mazaɓu 287, a riƙa aika masa rabonsa kai tsaye cikin asusunsa na banki bayan kowane wata uku. Ba a fitar da kuɗin sai da hannun shugaban asibitin da na shugaban kwamitin raya mazaɓa. Kun ji inda ƙofarmu take. Kwamitin nan na jama'ar gari ne. Ba sadaka muke roƙo ba, kuɗin ƙasa ne, mu ma da guminmu a ciki, gama ba ranar kasuwar da ba a yanka mana rasit. Wanda ya karɓi kuɗin runfa kowane mako bai kamata ya ji haushi ba in an tambaye shi lissafi sau ɗaya a wata uku.

Akwai kuma hukumar agajin gaggawa ta tarayya tun 1999, akwai ta jiha. Muna gode musu da tabarma da bargo da masara. Amma ku lura, aikinsu ya fi fitowa bayan ɓarna, da 'yan jarida da masu ɗaukar hoto. Kwalin ƙarin ruwa da aka ajiye shiru a kabad ba wanda ke ɗaukarsa hoto, ba a yanka masa ƙyalle, ba a kiɗa masa ganga, shi ya sa masu neman suna ba su damu da shi ba. Shi ne kuwa mai ceton rai.

Ga masu cewa ƙaddara ce

Hakika rai da mutuwa na Allah ne, ba mai musu. Amma kowa ya san labarin Annabi Yusufu, yadda aka sanar da shi shekara bakwai na yunwa suna tafe, ya cika rumbunan Masar tun ana cikin ƙoshi. Ba wanda ya ce ya yi jayayya da ƙaddara. Manomi ma yana dogara ga Allah, duk da haka yana ɓoye iri. Abin mamaki kuma, masu yi wa talaka wa'azin haƙuri su ne in kansu ya yi ciwo sai Kano, in ya yi tsanani sai Masar ko Indiya ko Ingila. In ƙaddara ce ta hana shiri, me ya sa ba ta hana su hawa jirgi?

Namu aikin

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu ma da namu. Mu ne muke ajiye mai ciwo a ɗaki kwana uku muna jiƙe-jiƙe, sai ya galabaita mu kai shi, in ya mutu mu ce asibiti ne. Mu ne muke ɓoye yara in masu allura sun zo. Mu ne muke rugawa da jarka in tanka ta faɗi. Sai mun gyara wannan bakinmu zai yi ƙarfi. Ga abin da kowane gida ya kamata ya sani. In gudawa ta kama mutum, a samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, watau leda biyu ta fiya wata, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, a yi ta ba shi ana kan hanyar asibiti. In zazzaɓi ya zo farat ɗaya da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, kada a kwana. In wuta ta ƙona mutum, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da toka. Akwai kuma lambar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232, kyauta ake kiranta.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku ne kuka san ƙirga, kuna da shugabanni, kuna haɗuwa kowane mako. Sarkin kasuwa da sarkin tasha da sarkin fawa da shugabar mata masu abinci su zauna da dagaci da masu unguwa da limamai. A nemi sanin su wane ne 'yan kwamitin raya mazaɓa, wa ya zaɓe su, yaushe suke zama. A sa 'yan kasuwa biyu a ciki, namiji da mace, masu gaskiya waɗanda ba a saye su da goro. Sau biyu a shekara, kafin bazara da kafin damina, a je asibiti cikin ladabi da girmamawa, a zauna da malamin, a tambaye shi abin da yake da shi da abin da ya rasa. Kada a je da faɗa, gama shi ma ɗan talaka ne, sau da yawa shi ne na farkon wanda aka bari hannu wofi. A rubuta, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa, a riƙe kwafi, a sa rana, in ranar ta zo a koma. A nemi a manna lissafin kuɗin da ya shigo da yadda aka kashe shi a bangon asibiti inda kowa zai karanta.

A cikin kasuwa kuma a gyara masai, a sa tulun wanke hannu da sabulu wajen masu abinci, a rufe abin sayarwa daga ƙuda, a bar hanyar da mota za ta iya shiga in gobara ta tashi. A yi ɗan asusu kamar na adashi domin kuɗin man ɗaukar mara lafiya, kada a tsaya ciniki da direba mutum yana shure-shure. Wannan ba zai sauke wa gwamnati nauyinta ba, sai dai ya ba mu bakin cewa mun yi namu, ina naku? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In lokacin zaɓe ya zo, masu neman ƙuri'a za su zo da atamfa da sabulu da taliya, ko daga wace jam'iyya suke. Ku tambaye su leda nawa ta ƙarin ruwa ke asibitin mazaɓarmu, ma'aikata nawa ke kwana, firji yana aiki ko ba ya yi, kuɗin wata ukun da ya wuce ya shigo ko bai shigo ba. Wanda ya kasa amsawa bai san mazaɓar da yake so ya wakilta ba.

Bazara za ta dawo, damina ma za ta dawo, ba sa neman izinin kowa. Kowa ya tafi mazaɓarsa ya fara tambaya tun wannan mako, tun ana lafiya, tun hanya tana biyuwa. Allah ya tsare mu da zuriyarmu, ya ba ma'aikatan asibitocinmu ƙarfin hali, ya ba shugabanni ikon riƙon amana. Amin.